Shekarar da Babu Motar da Ta Isa: Tseren Bandama da Samarinmu na Ajame da Tireshbil



A shekarar 1972 an yi wani tseren motoci a nan ƙasar Kodebuwa wanda har yau masana wannan wasa ba su daina ba da labarinsa ba. Motoci sama da 40 suka tashi, a cikinsu akwai gwanayen direbobin Turai da na Gabashin Afirka, da yawansu da kamfanin da ya tsaya musu da kanikawan da ke biye da su da kayan gyara. Aka sauka daga kwalta aka hau burji, aka kutsa kurmi, laka ta kama wasu, ramuka suka karya wasu, mota ta riƙa mutuwa bayan mota. Da aka zo ƙarshe masu riƙe da agogo suka duba, babu mota ko ɗaya da ta kammala tafiyar a cikin lokacin da aka ƙayyade. A wannan shekara aka watse ba a ɗaga hannun kowa ba. Wannan shi ne tseren Bandama, wanda aka raɗa wa sunan kogin nan da ya taso daga arewacin ƙasar, ya ratsa tsakiyarta, ya faɗa teku a Grand-Lahou.

Mun tono wannan tsohon labari ne saboda wani abu na yau da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Duk mazaunin Ajame ko Tireshbil ya san yadda rakiyar amarya ta koma. Samari su jera motoci da babura, wannan ya fito ta taga ya zauna a bakin ƙofa, wancan ya murɗa sitiyari ya fizgi birkin hannu, mota ta juya a tsakiyar titi taya na hayaƙi, yara na shewa, wayoyi na ɗauka. Ranakun aiki kuma gbaka biyu su hango fasinja ɗaya su sa tsere a kansa, yaron mota yana reto a ƙofa da hannu guda. Ƙarshen wasan kuwa a ƙofar dattawanmu yake sauka. A buga ƙofa da asuba a ce a taimaka a je ofishin 'yan sanda, ko a zagaya kasuwa a haɗa kuɗin asibiti, ko a rasa wanda zai yarda ya buga waya Maraɗi ko Tawa ko Katsina ya shaida wa wata uwa abin da babu mai son faɗa.

Shekara da shekaru maganinmu ɗaya ne, faɗa da wa'azi. An yi a masallaci, an yi a wurin ɗaurin aure, an kira iyaye an ja musu kunne, abin bai ragu ba. Ra'ayinmu, wanda muke gabatarwa ga malamai da dattawa da masu motoci domin a tattauna, shi ne gudu yana da filinsa, titi kuwa na masu son isa gida ne. Al'ummar da ba ta ware wa samarinta filin gudu ba, ta sani ko ba ta sani ba, titi ta ba su. Tarihin tseren motoci, na nan ƙasar da na wajenta, yana da abin da zai koya mana a kan haka.

Bari mu fara da na gida. Wani Bafaranshe mai suna Jean-Claude Bertrand ne ya kafa tseren Bandama a 1969, zamanin da kuɗin koko da kofi ke kwarara, Abijan tana tashi kamar farashi. Tsere ne na kwanaki, dare da rana, na dubban kilomitoci, ana zagaya ƙasa ta garuruwa irin su Buwake da Yamusukuro da San Pedro. Daga 1978 zuwa 1992 yana cikin jerin gasar duniya, kuma a waɗannan shekaru shi da tseren Safari na Kenya ne kaɗai ke wakiltar Afirka a cikin jerin. Abin da ya yi suna da shi shi ne cin motoci. A mafi yawan shekaru waɗanda ke kammalawa ba sa kai rubu'in waɗanda suka tashi.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa tuƙi a burji. Gargada tana girgiza mota har ƙusoshi su kwance, shokozoba ya yi zafi ya mutu, sifirin ya karye. Ƙura tana toshe matatar iska, injin ya shaƙe. Zafin rana da doguwar tafiya su tafasa ruwan lagireto. Idan ruwan sama ya sauka, burjin nan da ke kama taya da safe ya zama sulɓi da yamma. Gargada kuma tana da wani sirri: idan ka yi sanyi da yawa ta wargaza maka mota, idan ka wuce kima taya ya daina kama ƙasa, ka juya sitiyari mota ta ƙi bin umarni. Akwai wani matsakaicin gudu da mota ke shawagi a kanta lami lafiya, kuma sanin wannan matsakaici shi ne gwaninta. Ƙafa mai nauyi kowa yana da ita.

Shekaru biyu sun ishe mu misali. A 1982 wata Bafaranshiya mai suna Michèle Mouton ta zo Abijan tana neman zama zakarar duniya, da motar Audi Quattro mai jan ƙafa huɗu, wadda ta fi ta abokin hamayyarta ƙarfi nesa ba kusa ba. Ta yi masa fintinkau a farkon tafiya, sa'annan motar ta fara ba ta matsala, ratar ta narke, a zangon ƙarshe ta kife. Bajamushe Walter Röhrl, da motarsa Opel Ascona mai jan ƙafa biyu, ya lallaɓa ya isa, ya ci tseren, ya kuma zama zakaran duniya na wannan shekara. A 1989 kuma wani mai suna Alain Oreille ya ci tseren da 'yar ƙaramar Renault 5, daga rukunin motocin da ba a yarda a yi musu wani babban sauyi ba daga yadda kamfani ya fitar da su. Manyan motoci suka zube a hanya, ƙaramar ta shigo gari. Hausawa sun riga sun gama magana tun kafin a ƙera injin: sauri ya haifi nawa.

Wani zai ce wannan ai wasan Turawa ne da masu kuɗi, ina ruwan Bahaushe da shi? Muna da ruwa da tsaki. Motar da ta fi yin suna a Bandama a shekarun 1970 ita ce Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. Ta ci tseren sau da dama, har da na 1978 a hannun Jean-Pierre Nicolas. Ita ce dai motar da kamfanin ya fitar a 1968, ita ce aka yi ta haɗawa shekaru masu yawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, ita ce a da ta cika tashoshinmu tun daga Ajame har Kano. Kamfani yana kawo ta Bandama ne domin ya nuna wa mai saye cewa motar da ta jure wannan hanya za ta jure tasa. Mai sayen nan kuwa, a wannan yanki, sau da yawa mu ne.

Hanyar ma tamu ce. Layin dogon da Faransawa suka fara ginawa daga Abijan a 1904 suka raɗa masa suna Abijan–Nijar ya isa Buwake a 1912, ya isa Bobo a 1934, ya isa Wagadugu a 1954, amma har yau bai taka ƙasar Nijar ba. Giɓin da ya bari, mota ce ta cike shi, direbobinmu ne kuma suka tuƙa ta. Daga Abijan zuwa Maraɗi tafiya ce ta sama da kilomita 2,000, kuma a zamanin da muke magana babban kasonta burji ne. Su ma da agogo suke tsere. Huhun goron da aka ɗaure a Anyama idan ya daɗe a hanya ya bushe ko ƙwaro ya shige shi. Albasar Galmi idan ta kwana cikin ruwa ta ruɓe. Shanun da ake kawowa kara ta Port-Bouët idan suka wuce kwanakinsu a mota sai an sauke wasu da wuƙa a hannu. Amma a bayan direban nan babu jirgin sama mai leƙa masa hanya, babu motar kanikawa mai biye da shi. Daga shi sai yaron motarsa, da jak, da safaya, da igiyar roba, da dabarar da ya koya a gareji. A kansa kuma akwai jarin wani da rayukan mutane.

Tsoffin direbobin nan, waɗanda wasunsu har yanzu suna zaune a bakin masallatanmu da carbi a hannu, ba da gudu ake yabonsu ba. Yabon direba a tasha shi ne a ce shekara kaza yana hanya bai taɓa zubar da kaya ba, bai taɓa taɓa rai ba. Abin da tseren 1972 ya koya wa Turawa da tsada, su shi ne karatunsu na farko. Sunayen waɗanda suka ci Bandama suna rubuce shekara bi shekara, har da Bajapane Kenjiro Shinozuka da ya ci a 1991 da 1992. Sunayen namu kuwa suna tafiya kabari tare da masu su. Yaron da bai taɓa jin an yabi direba saboda natsuwa ba, wa zai kwaikwaya in ban da wanda ya gani a waya yana juya mota?

Kada a ɗauka muna wanke waɗannan tseren ne tas. Babban aibinsu shi ne a kan hanyar jama'a ake yin su, inda mai keke da mai tallan ayaba da garken awaki ke bi. Bertrand ɗin nan ya sake ƙirƙiro wani tsere daga Abijan zuwa birnin Nice na Faransa. A cikinsa ne a 1977 wani matashi mai suna Thierry Sabine ya ɓata da babur a hamada wajen iyakar Nijar da Libiya, aka tsinto shi da kyar, ya koma gida ya kafa tseren Paris–Dakar, wanda ya fara tashi ranar 26 ga Disamba 1978 ya bi ta Agadas da Yamai. Shekaru kusan talatin motocin nan suna keta ƙauyukan Sahel, kuma an yi asarar rayukan mutanen ƙauye, har da ƙananan yara, waɗanda ba su shiga gasa da kowa ba. Shi kansa Sabine ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali a watan Janairun 1986. Daga baya tseren ya bar Afirka, ya koma Kudancin Amurka a 2009, sa'annan Saudiyya a 2020. Saboda haka darasi biyu muke ɗauka daga wannan tarihi. Na farko, isa ita ce nasara. Na biyu, duk inda gudu ya haɗa hanya da jama'a, wanda bai ji ba bai gani ba shi ke biyan kuɗin.

To ina za a kai gudun? A nan ne labarin wata ƙasa mai nisa zai yi mana amfani. A kudancin Amurka, tun zamanin da aka haramta giya a ƙasar daga 1920 zuwa 1933 da kuma bayansa, akwai samarin ƙauye masu safarar giyar da ake dafawa a ɓoye. Suna ɗaukar mota ta yau da kullum su ƙara mata ƙarfi domin su tsere wa jami'an haraji da dare a hanyoyin tsaunuka. Ranar hutu kuma su taru a fili su gwada ta wa ta fi. Sana'arsu ba abin koyi ba ce, amma abin da aka yi da su abin dubawa ne. Wani bakanike mai suna Bill France ya tara masu ruwa da tsaki a garin Daytona a ƙarshen 1947, a farkon 1948 aka kafa ƙungiyar da ake kira NASCAR, aka rubuta dokoki, aka tsayar da kyauta, aka mayar da gudu cikin fili mai shinge.

Ranar 19 ga Yuni 1949 suka yi tseren farko na motocin da suke kamar yadda aka sayo su daga kamfani, a garin Charlotte, a wani fili na jar ƙasa mai siffar ƙwai wanda zagayensa ya ɗan haura kilomita ɗaya. Motoci 33 suka shiga, zagaye 200. Wanda ya fara ƙetare layi sunansa Glenn Dunaway. Da aka duba motarsa sai aka tarar an taɓa sifirin ɗinta na baya, irin gyaran da masu safarar giya ke yi domin ɗaukar nauyi. Nan take aka ƙwace nasarar aka ba na biyu, Jim Roper, wanda ya tuƙo motar Lincoln tun daga jihar Kansas. Mai motar da aka kora ya kai ƙara kotu, kotu ta kori ƙarar. Tun daga wannan rana kowa ya fahimci cewa a cikin filin nan doka tana gaba da gudu. Daga irin waɗannan filaye na ƙura aka gina wasan da yau yake ciyar da dubban kanikawa da injiniyoyi.

Ba sai mun je Amurka aron wannan hikima ba, domin kakanninmu sun riga mu. Saurayi da son nuna bajinta tare aka haife su. Da doki ne abin hawa, ba a ce wa samari kada su yi sukuwa ba, sai aka ware mata wuri da lokaci. Kano tana da Filin Sukuwa, Yamai da Maraɗi suna da nasu. Ranar hawan salla mahayi yana sakin linzami ya zo a guje ya ja birki gaban sarki ya yi jinjina, jama'a na gefe, dogarai na tsare da iyaka. Wanda ya yi irin wannan gudu a tsakiyar kasuwa kuwa, gaban alƙali zai kwana. Haka kokawa. Ƙarfin da zai iya zama faɗan unguwa, Nijar ta mayar da shi gasar ƙasa tun 1975 da aka fara a Tawa, aka gina filaye, aka sa alƙalai, aka sa takobi. Yau ɗan kokawa mutum ne mai daraja da ake shela da sunansa a rediyo.

Mun san malamanmu suna da abin cewa, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce wannan almubazzaranci ne da jefa kai ga halaka. Muna amsawa da ladabi cewa littattafan fiƙihun da muka karanta a gabansu, har da Muhtasar na Shehu Halil, sun keɓe babi ga tsere, suka shimfiɗa masa sharuɗɗa: a san mafari, a san maƙura, a san abin hawa, kyauta kuma kada ta zama caca. Ya kuma tabbata a ingantattun ruwayoyi cewa an yi tseren dawaki a Madina a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka ba horarrun dawaki zango mai tsawo, waɗanda ba a hora ba aka ba su gajere. Hukuncin ƙiyasta mota a kan doki na malamai ne, ba mu shiga gabansu ba. Abin da muke roƙo su duba shi ne halin da ake ciki. Zaɓin da ke gabanmu yau tsakanin gudu a titin kasuwa ne, babu hular kwano babu ɗamara, da gudu a fili mai shinge da likita a gefe. Halakar da ake tsoro tana nan tana faruwa, kuma tana haɗawa da masu tafiya a ƙasa.

Wasu kuma za su ce fili zai ƙara musu ƙaimi ne, su koyo a can su zo su gwada a titi. Wannan tsoro ne mai ma'ana, kuma maganinsa yana cikin sharaɗin shiga. Tun watan Maris na 2023 ƙasar nan ta fara aiki da lasisi mai maki 12, wanda ake zaftarewa duk lokacin da direba ya yi laifi, ga kuma na'urorin ɗaukar hoto a manyan titunan Abijan. Sai a ce babu mai shiga fili sai makinsa na cike, wanda kuma aka kama yana wasa da mota a titi ko a rakiyar amarya an rufe masa ƙofa shekara guda. Yaron da wa'azi bai hana shi ba, tsoron a cire sunansa daga gasa a gaban abokansa zai hana shi. Ban da haka, wanda ya taɓa jin yadda mota ke ƙwacewa a kan ƙasa, ya ga tazarar da take ci kafin ta tsaya, ya fi kowa sanin abin da ke jiran sa a kwalta mai jiƙe. Ba mu ce fili yana kawar da haɗari ɗungurungum ba. A filayen Amurka ma an mutu. Amma wanda ya shiga fili da ƙafarsa ya shiga, ya san abin da ya tarar, kuma babu mai tallan garba ko ɗan makaranta a gabansa.

Akwai kuma gaskiyar da ta shafe mu mu manya, wadda ba ta da daɗin faɗa. Gudun gbaka da woro-woro ba duka ne na ƙuruciya ba. Mai mota yana yanka wa direba kuɗin da zai kawo kullum, abin da ake kira resat a nan, a Kano kuma balas. Bayan wannan ga kuɗin mai, ga na masu karɓa a tasha, sai abin da ya ragu ne nasa. Direban da aka ɗora wa abin da ba ya samuwa sai da zagaye goma, a cunkoson da ke ba da damar bakwai, an riga an taka masa totur tun daga gida. Daga nan ne ƙwayoyi irin su taramol ke samun ƙofa. Wasu daga cikin masu motocin nan a sahun gaba suke salla tare da mu. Ba daidai ba ne mu yi wa yaro faɗan gudu da safe, da dare mu ƙirga kuɗin da gudun ya kawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, nahiyarmu kuma ita ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Waɗannan shekaru su ne shekarun yaran motarmu da 'yan tallanmu.

Saboda haka ga abin da muke ba da shawara. Da farko, shugabannin al'ummarmu na Ajame da Tireshbil su haɗa kai da na sauran al'ummomin da muke zaune tare, domin matsalar ba ta ƙabila ɗaya ba ce, su tunkari hukumar wasan tseren motoci ta ƙasa da magadan gari a nemi fili a bayan gari. Tseren Bandama bai mutu ba, ana ci gaba da yin sa, wato akwai masu sanin yadda ake duba mota da tsara tsaro a ƙasar nan. Fili na ƙasa ba ya bukatar kwalta. Yana bukatar a share, a daddaɓe, a yayyafa ruwa, a yi shinge da tudun ƙasa tsakanin motoci da 'yan kallo. Motoci su zama irin waɗanda kanikawanmu suka sani, a cire gilasai, a ƙera musu kejin ƙarfe a ciki, a raba su rukuni rukuni gwargwadon ƙarfin injin, domin ɗan talaka ya samu shiga. Hular kwano da ɗamara dole, motar asibiti a tsaye kafin a tashi, babu caca, babu maye, kuma a tsaya idan lokacin salla ya yi. Masu walda da kanikawan da ke cike da garejojin Ajame da kasuwar kayan gyara ta Abobo za su samu aiki, su samu suna.

Na biyu, a daina ɗaura aure a bar rakiya ba mai ita. Iyayen ango su ba da sunan dattijo ɗaya da zai shiga motar gaba, kuma a sanar tun a wurin ɗaurin aure cewa babu mai wuce shi.

Na uku, masu motocin haya na cikinmu su zauna da direbobinsu a gaban dattawa a duba kuɗin kullum, a mayar da shi abin da ake iya samu ba tare da an sayar da rai ba.

Na huɗu, kuma wannan ba ya bukatar izinin kowa, mu fara girmama masu isa. Kowace shekara bayan babbar salla a tara jama'a, a kira direban da ya fi daɗewa a hanya ba tare da haɗari ba, a sa masa riga a gaban yara. A aika matasanmu masu ilimi su zauna da tsoffin direbobin Fijo da na manyan motocin goro da shanu, su ɗauki muryarsu, su rubuta sunayensu da na iyayen gidansu da hanyoyin da suka bi, tun kafin ƙasa ta rufe musu ido. Wannan shafi ma wuri ne da ya dace a riƙa buga irin wannan tarihi.

Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mai tanƙwarawa yana bin inda icen ya karkata ne, in ba haka ba ya karye a hannunsa. Samarin nan namu ne. Zafin jinin da ke sa su juya mota a titi shi ne ya fito da kakanninsu daga Gobir da Adar da Katsina, suka keto daji har bakin teku neman halali. Aikinmu shi ne mu nuna masa mazubi.

Muna jiran ra'ayin malamai, da na direbobi tsoho da yaro, da na iyaye mata waɗanda su ne ke kwana ba barci idan mota ba ta dawo ba. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya jiƙan waɗanda hanya ta ci, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya. Amin.